Turancin Kwaleji da Yaron Kademi

Muna gode wa kwamitin wannan mujalla da suka sake ba mu fili a bana. Da farko niyyarmu ita ce mu rubuta 'yan kalmomin ban kwana ga 'yan aji shida kamar yadda aka saba, amma wani abu da ya faru a ɗakin malamai bayan fitowar sakamakon jarrabawar bara ya tsaya mana a rai, har muka ga gara mu faɗe shi a nan, inda ɗalibai da malamai da iyaye duka za su gani.

Wani dattijo daga wani ƙauye ta wajen Ajingi ya zo mana da takardar sakamakon ɗansa a naɗe cikin leda. Yaron mun san shi sarai, mai ƙwazo ne, ba ya fashi, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ya ci lissafi, ya ci darasin noma da ilimin halittu, Hausa kuwa ba a magana. Turanci kaɗai ya kayar da shi. Dattijon ya ce, "Malam, an gaya mini akwai kwaleji a birni inda ake gyara wa yaro Turanci cikin shekara guda. Na ware buhu uku na gero da tunkiya zan kai kasuwa. Ku da kuka san boko, ku faɗa mini wadda ta fi kyau." Muka dubi juna. Muka ce masa, "Baba, ka ba mu mako guda mu yi shawara." Gaskiyar magana, ba mu da amsa ran nan, gama mu ma ta irin waɗannan kwasa-kwasan muka biyo, mun kuwa san abin da suke iya yi da abin da ya fi ƙarfinsu.

Da yake iyayenmu da yawa sunan kwasa-kwasan kawai suke ji, bari mu ɗan bayyana su. Akwai karatun share fage, watau na shekara guda ga wanda sakamakonsa na sakandare bai cika ba. Ana yinsa a kwalejin jihar Kano wadda har yanzu mutane ke kira CAS, da makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da kuma kwalejojin ilimi irin ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, inda ake shekarar shiri kafin a shiga karatun NCE. Sa'an nan akwai darasin Turanci na dole, wanda duk ɗalibin da ya shiga babbar makaranta sai ya yi shi, ko likita zai zama ko injiniya. Ana yinsa a Jami'ar Bayero, ana yinsa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ke nan kusa da mu a kan hanyar Gaya. Na uku shi ne na waɗanda suka zaɓi Turanci ya zama darasin da za su koyar, su ne kuwa za su dawo mana azuzuwa da alli a hannu.

Dalilin yawan kwasa-kwasan nan ba ɓoyayye ba ne. Turanci shi ne mai gadin ƙofa. In ba ka ci shi da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO ba, jami'a ba za ta dube ka ba, ko da Hausa za ka je karantawa. A jarrabawar JAMB kuma, cikin tambayoyi 180 da ake yi wa ɗalibi, 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne 40. Don haka ba mu raina waɗannan makarantu ba. Cikin malaman da ke koyar da ku a yau akwai waɗanda, ba domin shekarar share fage ba, da karatunsu ya tsaya a aji shida. Abin da muke kuka da shi shi ne yadda ake koyar da Turancin a ciki.

A kwalejin da wasunmu suka yi, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba, mun fi ɗari uku a zaure ɗaya. Malami yana can gaba da lasifika, in an ɗauke wuta sai na layin gaba kaɗai ke jin abin da yake faɗa. Sauran mu sai mu sayi takardun darasi da aka buga, mu koma ɗaki mu haddace. Mun haddace ma'anar suna da wakilin suna da aikatau da sifa da bayanau, mun san ire-iren jimla, mun san sassan wasiƙar hukuma tun daga adireshi har sa hannu. A shekara uku ba mu tuna ranar da aka ce ɗayanmu ya miƙe ya yi magana ta minti biyu da Turanci ba, rubutun da aka karɓa aka gyara aka mayar mana kuwa bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Mun ci jarrabawa kuwa, wasunmu ma da sakamako mai kyau. Sai da aka tura mu gwajin koyarwa asirinmu ya tonu. Shugaban makarantar da aka kai mu ya ce mu rubuta masa 'yar takarda ta neman alli da rajista daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Mu huɗu muka taru a kan takardar nan, muka ɓata kusan awa guda da fallaye shida, ya karɓa ya karanta, ya yi murmushi ya rubuta tasa.

An koya mana labarin Turanci ne, Turancin kansa kuwa ba mu taɓa shi ba. Kamar yaro ne ka zaunar da shi ka koya masa sunan sarƙa da birki da feda da taya, ka yi masa jarrabawa ya ci, sa'an nan ka miƙa masa keke ka ce ya kai saƙo Gaya. Ba laifin malamanmu ba ne su kaɗai, gama ba mai iya duba rubutun mutum ɗari uku kowane mako. Laifin yana ga tsarin, wanda aka shirya shi kamar ɗalibin ya riga ya iya harshen, goge-goge kawai ya rage a yi masa.

Wataƙila wannan zato ya yi daidai da yaron da ya tashi a Legas ko Jos ko Sabon Garin Kano, wanda ke jin Turanci a bakin maƙwabta da masu shago, ko da gurɓatacce ne. Yaron Kademi fa? Daga farkawarsa har kwanciyarsa Hausa yake ji, a gida, a gona, a kasuwa, a rediyo, a masallaci ko a majami'a. Bafulatanar da ke kawo nono da Hausa take ciniki da shi, ɗan ƙabilar Ibo mai kantin magani ma da Hausa yake tambayarsa inda ke masa ciwo. Wannan albarka ce ga harshenmu, amma ma'anarta ita ce Turanci ba shi da wurin zama a garin nan sai cikin aji. Mu lissafa. Darasin Turanci minti 40 ne, sau 5 a mako, watau awa 3 da minti 20. In shekarar karatu ta ba mu mako 36 cikakku, babu yajin aiki babu fashin shuka, awa 120 ke nan, kwana biyar cur in an haɗa dare da rana. Wani zai ce ai sauran darussa ma da Turanci ake yinsu. 'Yan'uwa malamai, mu faɗa wa kanmu gaskiya: bayani da Hausa muke yi, sa'an nan mu cika allo da Turanci yara su kwafa. Yaron da ya taso haka, ya isa kwaleji a ce za a gyara shi cikin wata tara a zauren mutum ɗari uku, ai wannan shi ne fafe gora ranar tafiya.

Amma akwai abin da ya fi ƙarancin lokaci damunmu, shi ne ba a koya wa malamin Turanci ya tambayi dalilin kuskure ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya shekara biyar yana duba littattafan yaranmu ya san kurakuransu ba barkatai suke zuwa ba, iri ɗaya ne daga aji zuwa aji, daga shekara zuwa shekara, domin Hausar da ke cikin kansu ce take magana da bakin Turanci.

Yaro ya rubuta "Audu he came". Malami ya ja jan biro a kan "he", ya wuce. Gobe yaron ya sake, jibi ma haka, har malami ya ce ba shi da kai. Alhali kuwa yaron ƙa'ida yake bi, kuma ƙa'ida ce mai ƙarfi. A Hausa ba ka cewa "Audu zo", dole ka ce "Audu ya zo". Wannan "ya" ɗin ita ce yake nemar wa gurbi a Turanci. Haka batun lokaci. Muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi, kalmar "tafi" tana nan yadda take, 'yar kalmar da ke gabanta ce ke nuna ko jiya ne ko gobe. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake juyawa, "go" ya koma "went" ya koma "gone". To yaron da ya rubuta "he go yesterday" a ganinsa ya gama aiki, tun da ya riga ya ce jiya.

A wajen furuci ma haka ne. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f", shi ya sa kakanninmu da suka ari kalmomin Turawa suka ce fensir da famfo da fasinja da fakiti. Ba ta da "v", shi ya sa muke da direba da bidiyo. Ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakani, shi ya ba mu burodi da buroshi da fulawa. Wasulanmu biyar ne, kowanne da gajere da dogo, na Turancin Ingila kuwa sun kai ashirin, don haka "cat" da "cut" da "cart" duk abu ɗaya kunnen yaronmu yake ji. Abin mamaki, takardar WAEC da ke gwada furuci a rubuce ake yinta, a zaɓi amsa a cike gurbi da fensir. Mutum na iya cinye ta tas bai buɗe baki ba.

Inda abin ya fi daɗin koyarwa shi ne wajen ma'ana. Kalmarmu "ji" ita kaɗai tana ɗauke da aikin kalmomin Turanci huɗu ko biyar: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin daɗin miya, muna jin Larabci. Sai yaro ya ce "I hear smell", aji ya fashe da dariya, har da waɗanda da su aka tambaya haka za su faɗa. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan mangwaro, muna shan iska. Muna cewa "ara mini" kuma muna cewa "na ara", tushe ɗaya, Turanci kuwa ya raba mai bayarwa da mai karɓa, daga nan "borrow me your biro" ta samo asali. Mai fita daga ɗaki ya ce "I am coming", Bature ya rasa gane yadda mai tafiya yake zuwa, mu kuwa mun san "ina zuwa" ce ta sa rigar aro.

Shekara biyu ke nan da wasunmu suka fara raba allo gida biyu a aji ɗaya da aji biyu, Hausa a hagu Turanci a dama, mu rubuta jimla ɗaya a kowane gefe, mu bar yara su gano da kansu inda harsunan suka rabu. Ba mu ce ya warkar da kome ba. Amma "Audu he came" ta kusa ɓacewa daga littattafan waɗannan azuzuwa, abin da jan biro ya kasa yi a shekara goma. Kuma yaron da aka nuna wa cewa kuskurensa yana da dalili, yakan daina jin kunyar buɗe baki. Littafin karatu ba zai yi wannan aiki ba, gama littafi ɗaya ake bugawa domin ɗan Yarbawa da ɗan Tibi da ɗan Hausa, alhali kowannensu da inda yake tuntuɓe. Malami ne zai yi, malamin kuwa kwaleji ce za ta shirya shi. A zamaninmu akwai waɗanda suka haɗa Turanci da Hausa a karatunsu na NCE, amma sashen Turanci yana wannan gini, na Hausa yana wancan, ba mu taɓa ganin an ajiye harsunan biyu a kan tebur ɗaya ba.

Maimakon haka abin da muka gāda shi ne dokar hana Hausa. Da yawanmu mun tuna da mai rubuta sunayen masu yin yaren gida, da tarar da ake biya, da sharar fili ranar Juma'a. Abin da yaro ya koya daga wannan doka shi ne yin shiru. Ya shiga aji ya kame baki har a tashi, in ya fita ƙofar makaranta ya saki Hausarsa kamar an kwance ɗan akuya. Har yau akwai masu ganin cewa in an danne Hausa, Turanci zai tsiro a gurbinta. Tarihin ƙasarmu bai goyi bayansu ba.

Makarantar boko da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Ɗaliban da suka shiga Kwalejin Katsina bayan buɗe ta a 1922 sun riga sun iya karatu da rubutu da Hausa kafin su je, a can kuma aka zauna musu a kan Turanci, musamman na baka, har aka san 'yan Katsina da tsabtar furuci. Daga cikinsu akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Akwai Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba wanda ya ce Hausarsu ta ɓata musu Turanci. Mun sani 'yan ƙalilan ne aka zaɓo daga larduna, ba za a gwada su da ambaliyar yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo ba. Amma wannan ma shaida ce a gare mu: aji ƙarami, malamin da ke sauraron bakin kowane ɗalibi, da harsashin karatu da aka aza da harshen gida.

An ma gwada abin a kimiyyance a ƙasar Yarbawa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Masu kawo wannan labari sau da yawa sukan manta da kashi ɗaya nasa, wanda a wurinmu shi ne babba: a ajin gwajin, malami na musamman aka horar aka ba shi darasin Turancin.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare kafin a juya zuwa Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har shekara shida. A Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko, yana mai kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Mu ƙananan ma'aikata ne, ba mu ke yin doka ba. Amma muna da ikon faɗin abin da idonmu ya gani, shi ne a ƙauyukanmu ba a taɓa koyar da yara da Hausa yadda ya kamata ba balle a ce ita ta kayar da su. Littattafan lissafi da kimiyya na Hausa ba su iso ba, ba a horar da malamai ba. Abin da yaro yake samu gauraye ne, ya gama aji shida na firamare bai iya karanta wasiƙar Hausa ba, bai iya ta Turanci ba. Yanzu da aka ce Turanci tun daga aji ɗaya, kayan ya ƙara nauyi a kan mutum guda, watau malamin da zai tsaya gaban yara sittin waɗanda ba su taɓa jin kalmar Turanci a gida ba. In shi kansa Turancinsa na takardun haddacewa ne, me zai ba su? A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ba mu kawo wannan don mu yi wa 'yan'uwanmu dariya ba, an kuma yi gardama mai yawa a kan yadda aka shirya jarrabawar. Mun kawo shi ne domin yawancinsu suna riƙe da takardar shaida, wata makaranta ce ta sa hannu ta ce sun iya.

Saboda haka roƙonmu ga shugabannin kwalejoji shi ne, a daina ɗaukar ɗalibai duka kamar tsayinsu ɗaya. A gwada su a makon farko, a ware wanda ke bukatar goge-goge da wanda sai an koma da shi tushe. A rage zaure, a ƙara rubutu da magana: shafi ɗaya kowane mako wanda wani zai karanta ya gyara ya mayar, ya fi takardun darasi guda hamsin. Mun san za a ce ina malaman da za su yi wannan, ina kuɗin. To ga 'yan shekarar ƙarshe na sashen Turanci nan, a ba kowannensu mutum goma sha biyar daga cikin sababbin shiga ya riƙa zama da su sau biyu a mako, a lissafa masa cikin gwajin koyarwarsa, kowa ya ƙaru. Sa'an nan duk wanda zai koyar da Turanci a ƙasar Hausa, ko Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, kada a ba shi takarda sai ya yi darasin da ya jera ginin harsunan biyu gefe da gefe.

Iyayenmu na ikkilisiya, ku ma kuna da hannu a ciki. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga littafin waƙoƙi a kusan kowane gida. Mun lura shekara da shekaru cewa yaron da ya zo mana ya iya karanta sura guda da Hausa ba gargada, shi ne yake saurin kama karatun Turanci, gama ya riga ya san yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da ma'ana, sauran aiki sabon harshe ne kawai. Kada ku ji kunyar cewa ba ku iya Turanci ba don haka ba ku da abin taimaka wa yaro. Ku sa shi ya karanta muku da Hausa da dare, ku gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Kuma muna roƙonku da babbar murya, ku guji masu zuwa suna cewa akwai wata cibiya inda in an biya kuɗi yaro zai ci Turanci ko bai iya ba. Ban da cewa sata ce, mun ga ƙarshen irin waɗannan yara: su shiga jami'a da takardar da ba tasu ba, darasin Turanci na shekarar farko ya tare su, su maimaita, su sake maimaitawa, a sallamo su bayan an kashe kuɗin shekara biyu. Wanda ya tsallake kuwa, wata rana shi za a turo ya koyar da ƙannensa.

Ku kuma 'yan aji shida da ke shirin fita, da ku na baya, kada ku jira kwaleji. Da yawanku kuna da waya, wadda mu ba mu da ita a zamaninmu. Maimakon dare ya raba kuna Facebook, ku buɗe labarin duniya a shafin BBC Hausa ku karanta ku fahimta, sa'an nan ku nemi labarin nan a shafin Turanci. Tun da kun riga kun san abin da ya faru, kalmomin za su riƙa buɗe muku kansu ba sai kun duba ƙamus kowane layi ba. Ku karanta littafi ku kai ƙarshensa, ko ƙarami ne. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi bai da kauri, labarin kuma a ƙasarmu ya faru, da sunayen da kuka sani. Ku yi magana ko za a yi muku dariya. Wanda ya yi muku dariyar, ku tambaye shi dalilin da ya sa ba a faɗa haka, za ku tarar sau da yawa shi ma bai sani ba.

Da dattijon nan ya dawo bayan mako guda, ba mu zaɓar masa kwaleji ba. Mun rubuta masa tambayoyi uku a takarda, muka ce duk makarantar da zai kai yaron ya sa a tambayi ɗaliban da ke ciki, ba masu sayar da fom ba: mutum nawa ne a ajin Turanci, sau nawa a wata ake karɓar rubutu a gyara a mayar, kuma akwai ɗakin karatu da ake ba da aron littafi? Muka ce kafin ya sami amsa, yaron ya riƙa zuwa mana kowace Asabar da shafi ɗaya da ya rubuta da Turanci a kan abin da ya yi a makon, ko shuka ce ko cin kasuwa ko jinyar akuya, mu zauna da shi rabin awa ya karanta da ƙarfi, mu duba tare. Ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Shafin farko da ya kawo, jan biro ya taɓa wuri talatin da ɗaya. Na Asabar da ta wuce wuri tara ne, biyu daga ciki ma rubutun hannunsa ne ba mu gane ba. An sayar da buhu ɗaya na geron an biya kuɗin rajista. Tunkiyar tana nan, yaron ya ce ta ma haihu, a kanta ya rubuta shafin wancan makon.